"Bénin" na takardar likita ba ƙetaren gada ba ne

A wannan mako za mu ajiye zancen farashin hatsi da na kuɗin duwan, mu ɗauki wata magana ta lafiyar jiki, wadda kalma guda ta Faransanci ta jawo mu cikinta.

Wani Alhaji ɗan kasuwa a nan Gaya, wanda ba zan faɗi sunansa ba domin bai ba ni izini ba, yana da ɗa saurayi da ke tsare masa shago. Yaron ya wayi gari da ɗan kumburi a muƙamuƙinsa na ƙasa, wajen hagu, can kusa da turmin ƙarshe. Babu zafi, babu zazzaɓi. Aka ce hangum ne, hangum ya cika kwanakinsa, kumburi bai tafi ba. Wanzami ya kafa ƙaho, aka yi sakiya, ba abin da ya fito sai ɗan jini. Da abin ya shekara biyu aka kai shi birni, aka yi masa radiyo, aka yanki ɗan nama aka auna, aka ba su takarda. Da suka komo gida Alhaji ya kira maƙwabcinsa, ma'aikacin gwamnati, domin ya karanta masa. Mutumin ya ga an rubuta "tumeur bénigne", sai ya ce: "Alhaji, ka gode wa Allah, abin bénin ne." Alhaji kuwa mutum ne mai raha, ya ce: "To, Malam, in na Benin ne ai ga gada nan, sai mu ƙetara mu maida masu kayansu." Aka yi dariya, maƙwabci ya bayyana cewa ma'anar kalmar ita ce ba kansa ba ce, ba komai. Takarda ta shiga akwati tare da takardun fili. A ƙasanta an rubuta cewa a koma wurin likitan fiɗa, amma murna ba ta bari an karanta har can ba.

Bayan shekara uku kumburin ya kai girman mangwaro, haƙora uku sun yi girgiɗi, tauna ta gagara ta wannan gefe, saurayin ya koma rufe fuska da rawani ko da rana ta take. Auren da aka sa masa rana ya watse.

Maƙwabcin nan bai yi ƙarya ba, Faransancinsa daidai ne. Sai dai Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. A bakin mutanen gari, "bénin" abu ne marar nauyi, kamar mura ko ƙurjin zufa. A bakin likitoci kuwa kalmar tana da ma'ana guda ƙunƙuntacciya: ƙari ne wanda ba ya aika irinsa ta cikin jini zuwa hanta ko huhu ko ƙashin baya, kamar yadda ciwon daji ke yi. Iyakarta ke nan. Ba ta ce ƙarin zai tsaya ba, ba ta ce ba zai ci ƙashin da yake zaune a ciki ba.

Ƙarin da ya kama yaron sunansa amelobalastoma. Asalinsa abin mamaki ne. Lokacin da haƙori ke tsirowa a cikin muƙamuƙin jariri, akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu shi ne gina shi da lulluɓe shi da farin sulken nan mai ƙarfi. In sun gama, yawancinsu sukan ɓace, amma ƴan kaɗan sukan saura kwance cikin ƙashi, kamar magina da aka gama gini aka manta ba a sallame su ba. Wani masani Bafaranshe, Louis-Charles Malassez, shi ya bayyana waɗannan ragowa a 1885, har yau da sunansa ake kiran su. A wurin mafi yawanmu suna nan suna barci har mu koma ga Allah. A wurin wasu ƙalilan sukan farka su shiga hayayyafa, ba su gina haƙori ba, ba su kuma daina aiki ba.

Kusan kashi 80 bisa ɗari na irin wannan ƙari a muƙamuƙin ƙasa yake fitowa, galibi ta baya wajen turame. Girmansa a hankali yake, shekara da shekaru, kuma ba ya zafi sai in ya ruɓe ko ya yi gyambo. Nan ne hatsarinsa yake a ƙasarmu, domin mu da zafi muke auna cuta: abin da bai hana barci ba, bai hana zuwa kasuwa ba, ba a kashe masa kuɗin mota. Yana fura ƙashi daga ciki har bangon ya yi siriri, in an danna a ji yana ƙaras-ƙaras kamar ɓawon ƙwai. A hoton radiyo yakan fito kamar kumfar sabulu ko saƙar zuma.

Ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun 1980 Farfesa Adekeye, likitan fiɗar fuska da muƙamuƙi na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kaduna, ya buga bayanin marasa lafiya 109 masu wannan ƙari. A 2005 shi da abokan aikinsa suka sake duba ƙari 318 masu asali daga haƙori da aka gani a Kaduna, suka tarar kashi 73 bisa ɗari amelobalastoma ne. Wani babban nazari da aka buga a Turai a 1995, wanda ya tattara labarin mutum 3,677 daga ƙasashe dabam-dabam, ya nuna cewa a ƙasashe masu arziki ƙarin ya fi bayyana ga ƴan kusan shekara 40, a ƙasashe irin namu kuwa ga waɗanda ba su cika 30 ba. Wato samari da ƴan mata, masu shirin aure da kafa sana'a.

Kada mai karatu ya ruɗe ya ɗauki kowane kumburin muƙamuƙi abu guda. Wanda ruɓaɓɓen haƙori ya haddasa yana zuwa da zafi da mugunya cikin kwanaki. Akwai kuma wani mai kama ƙananan yara, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Shi ciwon daji ne sosai, yana kumbura fuska cikin makonni, amma kuma allurai suna narkar da shi in an yi sauri. Dubi ikon Allah: wanda ake kira mugu yana jin magani, wanda ake kira marar dafi kuwa sai wuƙa. Cutar noma mai zaizayar baki, wadda aka buɗe mata asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, ita ma daban take.

To, yaya nama mai laushi ke cin ƙashi mai tauri, alhali ba shi da haƙori ba shi da farce? Amsar tana cikin abin da masana ke kira enzim. Sunan ne baƙo, amma aikin mun san shi. Duk wanda ya ci wagashi a Malanbil ko a nan Gaya ya ci aikin enzim, domin ruwan tumfafiya da Bafulatana ke sawa cikin madara shi ke tsinka ta ta daskare. Mai girki da ta naɗe nama mai tauri cikin ganyen gwanda domin ya yi laushi, enzim ta sa aiki. Abu ne ɗan kaɗan da jiki ko tsiro ke yi, wanda ke yanka ko ɗinka wani abu cikin sauri, shi kuwa bai ƙare ba. A taƙaice almakashi ne, kowane da irin ƙyallen da yake yanka.

A 1962, a birnin Boston na Amurka, wasu masana biyu, Jerome Gross da Charles Lapière ɗan Beljiyam, suka tsaya a kan tambayar da yaran bakin kogi ke yi: ina wutsiyar talibambam take zuwa in ya zama kwaɗo? Ba ta yankewa ta faɗi, narkewa take yi. Suka gano cewa wutsiyar da kanta ke fitar da wani enzim mai yanka kolajan. Kolajan kuwa shi ne zaren da ya ɗaure jiki. Shi ne abin da ke sa romon ƙafar saniya ya yi kauri ya kama in ya huce. Daga wannan aka buɗe ƙofar sanin wani babban dangi na enzim da ake taƙaita sunansu da haruffa MMP. A jikin ɗan Adam sun haura 20, kowane da lambarsa, dukkansu kuma da ɗan ƙwayar tutiya suke yanka. Ba abokan gaba ba ne: da su rauni ke warkewa, da su haƙorin yaro ke huda hanya ya fito. Jiki ya tanadar musu da takunkumi iri huɗu da ake kira TIMP, domin su yanka inda aka sa su, su tsaya inda aka ce su tsaya.

Ƙashi kuwa kamar ginin ƙasa yake, wanda magini ya cuɗa da ciyawa: akwai zaren kolajan, akwai gishirin alli da ya daskare a kansa. Binciken da aka yi a Japan da Barazil da wasu ƙasashe tun farkon shekarun 2000 ya nuna cewa amelobalastoma da naman da ke kewaye da shi suna fitar da waɗannan almakasai da yawa, musamman MMP mai lamba 1 da 2 da 9. Biyun ƙarshe sun ƙware wajen yanka siririn shingen da ke raba ƙari da lafiyayyen nama. Bayan haka ƙarin yana aika saƙo ga wasu ƙwayoyin jiki waɗanda aikinsu na yau da kullum shi ne rushe tsohon ƙashi domin a sabunta shi, sai su zo su narkar da allin. Da ƙashi ya narke kuma sai ya saki wasu sinadarai da ke ajiye cikinsa masu ƙara wa ƙarin ƙarfin girma. Ashe maigida ne ke ciyar da mai rushe masa gida.

Yadda ake ganin wannan a laboratuwar ba shi da wuyar fahimta ga wanda ya taɓa ganin marina. Ana daskarar da ɗan naman cikin kakin kyandir, a yanka shi siriri fiye da fatar albasa, a zuba masa wani rini wanda ba ya kama komai sai enzim ɗin da ake nema. Inda enzim yake sai wurin ya yi ruwan ƙasa a ƙarƙashin madubin likita. Wannan launi shi ne alamar.

Amfanin alamar ya fi fitowa in an gwada ƙari biyu. Akwai wani ɗan uwan amelobalastoma, shi ma daga ragowar maginan haƙori yake, wanda ya fi kama ƴan mata ƴan ƙasa da shekara 20, galibi a muƙamuƙin sama, kewaye da fiƙar da ta ƙi fitowa. Shi wannan yana cikin jakarsa; likita na ɓare shi kamar dafaffen ƙwai, da wuya ya komo. A takarda su biyun duka "bénin" ne. Amma da aka rina su, a bincike da dama an tarar launin almakasan nan ya fi yawa a amelobalastoma. Ɗaya yana tura ƙashi gefe ne kawai, ɗayan yana kutsawa cikin ramukansa kamar gara a azara. Su kansu masana wannan iyaka tana ba su wuya. Akwai wata jakar ruwa ta muƙamuƙi, keratosist, mai yawan komowa bayan an cire ta, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar cikin jerin ƙari a 2005, sa'an nan ta sake fitar da ita a 2017. In malaman hukumar sun yi shekara 12 suna kai suna kawowa a kan suna, ba za mu tsananta wa maƙwabcin Alhaji ba.

Wannan bayani shi ne amsar gardamar da ake yi kullum a ɗakin likitan fiɗa. Lokacin da aka koma da yaron, likita ya ce sai an yanke ɓangaren muƙamuƙi, har da lafiyayyen ƙashi na kowane gefe. Alhaji ya shiga ciniki yadda ya saba: "Lokotoro, a kankare abin kawai mana, a bar mashi ƙashinai." Na fahimce shi, kowane uba haka zai ce. Amma gara ba ta tsaya inda ido ya ga rami ba. Ƴaƴan ƙarin sukan wuce iyakar da hoton radiyo ya nuna, shi ya sa likitoci ke ƙara santimita 1 zuwa 1 da rabi bayan wannan iyaka. Inda aka yi kankara kaɗai ga irin mai saƙar zuma, rahotanni da yawa sun nuna yana komowa ga fiye da rabin marasa lafiya, kuma in ya komo aikin ya fi na farko girma da tsada. Akwai wani nau'insa mai jaka guda, wanda ya fi sauƙin hali, da akan iya yi wa ƙaramin aiki. Madubin likita ne kaɗai ke rarrabe su, ba idon dangi ba. Gurbin da aka yanke ana cike shi da farantin ƙarfe, ko ƙashin haƙarƙari, ko na ƙugu. Tun 1989 kuma ana ɗauko siririn ƙashin gefen ƙwauri tare da jijiyoyin jininsa a sassaƙa muƙamuƙi da shi, amma wannan sai a manyan asibitoci. Ɗan kasuwa ya yi lissafi da kansa: ƙarin da ya kai goro da wanda ya kai mangwaro, wane ya fi cin ƙashi, wane ya fi cin jari?

Kada in zarce gona da iri. Rinin MMP ya bayyana mana dalilin halin ƙarin, amma har yau bai zama ma'aunin da likita zai dogara da shi ya ce wannan a yanka da faɗi, wancan a kankare ba. Yawancin binciken a kan mutane kaɗan aka yi, kowane laboratuwar da yadda yake ƙidaya launinsa, sakamakon kuma ba kullum yake dacewa ba. An kuma yi zaton in an dushe almakasan da magani za a tsayar da ƙari. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanonin magani sun zuba dukiya a kan wannan domin ciwon daji, gwajin bai yi nasara ba, masu shan maganin suka riƙa fama da ciwon gaɓoɓi, tun da jiki ma yana bukatar almakasansa. Wanda ya tsira daga wannan yunƙuri shi ne dokzisikilin ɗan kaɗan, da Amurka ta amince da shi a 1998 domin ciwon dasashi. Na faɗi sunansa da fargaba, domin na san gobe wani zai tsaya gaban mai tiren magani a tasha ya nema. Ba ya taɓa ƙarin muƙamuƙi, kada a ɓata kuɗi da lokaci.

Alamar da ta fi ba da fata wata ce dabam. A 2014 ƙungiyoyin masana uku, ɗaya a Finlan biyu a Amurka, suka gano cewa a kusan shida cikin goma na amelobalastoma, musamman na muƙamuƙin ƙasa, akwai wani enzim mai suna BRAF da ya lalace ta wuri guda. Shi ba almakashi ba ne, shi ne mai ba ƙwayar halitta umurnin ta hayayyafa. In ya lalace sai ya zama kamar kabu-kabun da totur ɗinsa ya maƙale. An dace akwai ƙwayoyin magani da aka riga aka yi domin wannan lahani a wani ciwon daji na fata, kuma da aka ba wasu masu ƙarin muƙamuƙi an ga ya motse, har aikin da za a yi musu ya ragu. Sai dai waɗanda aka gwada ba su da yawa, maganin yana da nasa lahani, tsadarsa kuma ta fi ƙarfin albashin darakta balle na mushen lakwal. Ga mutumin Gaya, a yau, maganin shi ne fiɗa da wuri.

Zamanmu a bakin iyaka uku yana da nasa alheri da nasa tarko a wannan sha'ani. Daga asibitin Gaya zuwa na Doso kusan kilomita 150 ne, zuwa Yamai kuwa, inda Babban Asibitin Ƙasa da Asibitin Referans da aka buɗe a 2016 suke, kusan 300. Wasu sukan bi ta Kamba su nufi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Wasu sun saba da asibitin Tangiyeta a arewacin Benin, wasu ma sun kai har Kwatano lokacin da jirgin ruwan asibiti Africa Mercy ya yada zango can a 2009 da kuma 2016 zuwa 2017. Rufe gadar Malanbil a 2023 ya nuna wa kowa cewa hanyar da aka saba da ita tun gina gadar a 1958 tana iya yankewa dare ɗaya. Tarkon kuwa shi ne: a yi radiyo a wata ƙasa da Faransanci, a yi fiɗa a wata da Ingilishi, ƙarin ya komo a je ta uku hannu sake, likitan can bai san abin da aka cire ba, bai san inda aka tsaya ba. Ku ƴan kasuwa ba ku taɓa ƙetara iyaka da kaya babu takardar duwan ba. To, kada ku ƙetara da marar lafiya babu tasa. Duk naman da aka cire a muƙamuƙi a nemi a auna shi, a karɓi sakamakon a rubuce, a haɗa da hotunan radiyo na farko. A kuma tambayi laboratuwar lambar ɗan kakin da aka daskarar da naman a ciki, domin yana shekaru bai lalace ba, kuma a kansa ne za a iya neman alamar BRAF ko bayan shekara goma.

Ku kuma ma'aikata, da ake kawo wa takarda a zaure bayan sallar isha'i, ku ne likitan farko na unguwa ko kun so ko ba ku so ba. In kun ga "bénigne", ku ce: ba ciwon daji ba ne, amma bari mu karanta sauran. In kun ga "améloblastome", ku ce a koma asibiti cikin wannan wata.

An yi wa ɗan Alhaji aiki, an cire muƙamuƙin hagu tun daga fiƙa har kusa da kunne, an sa masa farantin ƙarfe. Yana cin tuwo mai laushi, maganarsa tana fita, ya koma shago. Likita ya gaya masa cewa yawancin masu komowa cikin shekara biyar na farko suke komowa, amma an ga wanda ya komo bayan goma, saboda haka zai riƙa zuwa radiyo kowace shekara. Takardun yanzu suna cikin jakar da Alhaji ke ajiye rasit ɗin kaya, kuma ranar komawa an rubuta ta da alli a bayan ƙofar shago.